Me ya sa ba a yi wa Baba aikin jijiyar wankin ƙoda a tsintsiyar hannu ba?

Wata 'yar'uwa daga Aboabo, a nan Kumasi, ta aiko da tambaya a kan mahaifinta. Wata huɗu ke nan ana yi masa wankin ƙoda ta robar da aka sa masa a wuya. Da aka zo maganar yi masa hanya ta dindindin a hannu, likita ya yi sikanin ya ce jijiyar tsintsiyar hannu ba za ta yi ba, ta cikin damtse kuma ta shige ciki da wuri, don haka sai an yi tiyata sau biyu. Ga shi kuwa dattijon da ke kujerar kusa da shi a ɗakin wanki, sa'ansa ne, sau ɗaya aka yi masa a tsintsiyar hannu ya koma gida ranar. 'Yan'uwa sun rabu biyu, wasu na cewa allurai ne suka kashe jijiyoyin, wasu na cewa neman kuɗi ne kawai. Ta ce tana son ta san gaskiya.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Maganar da likitan nan ya gaya muku magana ce da na sani, ni ma na faɗe ta da bakina ga iyalai da dama, na kuma ga irin kallon da ake yi wa mai faɗinta. A shekarun da na yi ina wannan aiki na tiyatar jijiyoyi ban taɓa buɗe hannu biyu na same su iri ɗaya sak ba. Kai, ko mutum ɗaya, hannunsa na dama da na hagu sukan saɓa. Hoton jijiyoyin da ke cikin littattafan da muka karanta kamar taswirar gari ce da aka zana a ofis. Wanda ya taso a zango ya san cewa lungu yakan ɓulle inda taswira ba ta ce ba, wani kuma ya mutu a bayan gidan wani.

Sai mun fara raba kalma, domin Hausa ta haɗa abubuwa daban-daban a suna ɗaya. Akwai jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, wadda kike jin bugunta idan kin dafa tsintsiyar hannu. Zan kira ta jijiyar bugu. Akwai wadda ke mayar da jini zuciya, wadda nas ke nema idan za ta ɗebi jini ko ta sa ƙarin ruwa. Zan kira ta jijiyar komawa. Akwai kuma farar jijiya mai kai ji da motsi, ita babu jini a cikinta. Injin wankin ƙoda yana bukatar jini kamar mililita 300 ko fiye kowane minti, wato fiye da rabin ledar fiya wata, a haka har awa huɗu. Jijiyar bugu tana da wannan ƙarfin, amma tana can ciki, kuma ba a yi ta don a riƙa sukanta kowane mako ba. Jijiyar komawa tana kusa da fata, amma jininta a hankali yake tafiya, bangonta kuma siriri ne, inji na jan ta za ta lafe. Dabarar ita ce a ɗinke su wuri ɗaya, jinin mai bugu ya riƙa kwarara cikin ta komawa, ita kuma cikin makonni ta buɗe, ta yi kauri, ta iya ɗaukar manyan allurai biyu. Wannan haɗin shi likitoci ke kira fistula. Kada sunan ya firgita ki, ba shi da wata alaƙa da yoyon fitsarin da mata ke samu wajen haihuwa. A shekarar 1966 wasu likitoci a wani asibitin tsofaffin sojoji da ke Bronx a birnin Niyok, Brescia da Cimino da likitan tiyatarsu Appel, suka bayyana wa duniya wannan dabara, kuma a tsintsiyar hannu suka yi ta. Irin tasu aka yi wa maƙwabcin kujerar Baba.

Manyan jijiyoyin komawa da ke ƙarƙashin fatar hannu biyu ne. Ɗaya ta taso daga gefen babban yatsa, ta bi bayan hannu ta gefen waje, ta haye damtse, ta lanƙwasa a gaban kafaɗa ta nutse ƙarƙashin ƙashin nan da ke kwance a ƙasan wuya. Sunanta sefalik. Ɗayar ta taso daga gefen ƙaramin yatsa, ta bi ta ciki, gefen da ke gugar haƙarƙari, sunanta basilik. A lanƙwasar gwiwar hannu akwai gajeriyar da ke haɗa su. Malamanmu na zaure sun san waɗannan tun kafin mu je makarantar likita, domin littattafan ɗibbu na Larabci suna kiransu ƙifal da basiliƙ da akhal, kuma akhal ɗin nan, wato gajeriyar da ke haɗa su, ita ce kibiya ta samu a hannun Sa'adu ɗan Mu'azu ranar Handaƙ. Can ciki kuma, kusa da ƙashi, akwai jijiyoyin komawa guda biyu da ke raka babbar jijiyar bugu ta damtse, ɗaya a kowane gefe, kamar 'yan rakiyar amarya.

Ƙa'idar aikinmu ita ce a fara daga ƙasa a hau sama, a kuma fara da hannun da mutum bai fi aiki da shi ba, wanda ga yawancinmu hagu ne. Tsintsiyar hannu tukuna. In ba ta yi ba, gwiwar hannu, a haɗa da sefalik ta damtse. In ita ma ba ta yi ba, sai basilik. Hikimar a fili take: mai ciwon ƙoda zai iya bukatar hanya ta biyu da ta uku a rayuwarsa, wanda ya fara daga sama kuwa ya cinye guzurinsa tun a bakin ƙofa. To amma kafin a yanka sai jijiya ta cika sharaɗi. Yawancinmu muna neman jijiyar komawa mai faɗin milimita 2.5 zuwa sama, ta bugu kuma aƙalla milimita 2, kuma ta komawar ta zama a buɗe take tun daga inda za a ɗinke har ƙirji, babu inda ta tsuke.

A nan bambancin halitta ke shigowa. Wani sefalik ɗinsa a tsintsiyar hannu siririya ce kamar zaren ɗinki, jinin hannunsa duk ta ɓangaren basilik yake komawa. Wani tana da kyau a ƙasa, amma tana isa gwiwar hannu sai ta juye jininta duka cikin akhal ko cikin wata gajeriya mai huda ciki, ta bar damtse babu komai a gefen waje. Wani ta rabu biyu, kowane reshe ya ɗauki rabin jinin, babu wanda zai girma ya isa allura. Haɗin da ke gwiwar hannu kansa siffofi ne da dama, a wani hannun a karkace, a wani kamar cokali mai yatsa biyu, a wani babu shi sam. Can sama ma, inda sefalik ke lanƙwasawa ta nutse, wani tasa ta rabu biyu, wani kuma ta haye saman ƙashin ta shiga jijiyar wuya, kuma wannan lanƙwasa ita ce wurin da hanyar gwiwar hannu ta fi yawan tsukewa bayan shekara ɗaya ko biyu. Ko jijiyar bugu ba ta tsira ba. A littafi tana rabuwa biyu ne a gwiwar hannu, amma a fiye da hannu ɗaya cikin goma tun daga saman damtse ko hammata take rabuwa, sai likita ya buɗe gwiwar hannu yana tsammanin babba guda, ya tarar da 'yar siririya. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da yake ciwo ne. Mutum zai yi shekara tamanin da su bai sani ba, sai ranar da aka zo neman hanyar wanki.

Na koyi wannan ne da zafi. A farkon aikina an kawo mini wani mahauci, ƙaƙƙarfa, jijiyoyin hannunsa sun fito raɗau kamar igiyar guga. Na ɗaura masa roba, na shafa, na ce wannan ai ba ya bukatar wani sikanin. Na yi masa a tsintsiyar hannu, aikin ya yi kyau, na ji jini na gudu ƙarƙashin yatsana. Bayan mako takwas ya dawo jijiyar ba ta girma ba. Da muka ɗora na'ura sai ga wani babban reshe, tazarar yatsu huɗu daga ɗinkin, yana kwashe jinin yana kai shi bayan hannu. Sai da na sake shigar da shi na ɗaure reshen, shi kuma ya ƙara wata biyu da roba a wuya, a cikinsu har zazzaɓin robar ya kwantar da shi. Laifina ne, idona na yarda da shi. Tun daga ranar ban ƙara yanka hannu ban ga taswirarsa ba. Saboda haka da kika ce likitan Baba ya yi sikanin kafin ya yi magana, hankalina ya kwanta da shi.

Yanzu ga abin da aka ce game da basilik ɗin Baba, domin nan ne tambayarki ta fi nauyi. Basilik jijiya ce mai albarka ga masu wankin ƙoda, saboda daga ɗan sama da gwiwar hannu take nutsewa ƙarƙashin wata fata mai tauri da ta lulluɓe tsoka, allurar nas ba ta kai gare ta. Sau da yawa ita kaɗai ce ake samu lafiyayya a hannun da ya sha suka. Amma ɓoyuwar da ta tsare ta ita ce kuma matsalarta: tana da zurfi, tana gefen ciki inda suka ke da wuya, ga farar jijiya mai kai ji a kwance a kanta, ga babbar jijiyar bugu a kusa. Dole a ciro ta daga makwancinta a shimfiɗa ta ƙarƙashin fata ta gaban damtse. Ana iya yi a zama ɗaya idan jijiyar babba ce. Idan ƙarama ce, likitoci da yawa sun fi son su fara haɗa ta a gwiwar hannu, su bar ta mako huɗu zuwa shida ko fiye ta yi kauri ta ƙara tsawo, sannan su dawo su ɗago ta. Siririyar jijiya idan aka fizge ta ɗanya takan murɗe ko ta toshe. Tiyata biyun da aka ce muku ke nan, kuma hanya ce sananniya a duk inda ake wannan aiki.

Maganar shigewa ciki da wuri kuma ga ma'anarta. A littafi, basilik tana tafiya ita kaɗai har kusa da hammata kafin ta haɗu da 'yan rakiyar nan na ciki. Wasu likitoci a birnin Histon na Amurka sun bi sikanin na ɗaruruwan hannuwa, suka fitar da sakamako a 2011: kusan biyu cikin uku ne kawai suka dace da littafi. A sauran, basilik tana haɗuwa da ta ciki tun tsakiyar damtse ko ƙasa da haka. Waɗannan ma gida biyu ne, kusan daidai da daidai. A gida na farko, bayan haɗuwar jijiyoyin ciki suna nan su biyu. A gida na biyu, daga mahaɗar zuwa sama guda ɗaya ce tilo take ɗauke da jinin cikin hannu gaba ɗaya. Bambancin nan ba ƙarami ba ne a wurin mai riƙe da wuƙa. Allurai biyu suna son miƙaƙƙiyar jijiya kamar santimita 10, don su samu tazara kuma a riƙa sauya wurin suka. Idan basilik ta ƙare da wuri, abin da za a ɗago gajere ne. Likita zai so ya ƙara tsawo da ta ciki. In ta ciki biyu ce, yana iya aron ɗaya ya bar ɗaya. In tilo ce kuwa, taɓa ta na iya kumbura hannu, kuma ranar da wannan hanya ta mutu aka zo sa jijiyar roba, wato bututun da ake dasawa ƙarƙashin fata a madadin jijiya, sai a tarar babu inda za a juye jinin. Don haka tambayar da nake so ki yi wa likitan Baba ita ce: sama da mahaɗar, jijiyar ciki ɗaya ce ko biyu, kuma santimita nawa yake sa ran samu? Likitan da ya duba da kyau zai amsa miki nan take, yana iya zana miki a takarda ma.

To, su kuma masu cewa allurai ne? Suna da rabin gaskiya, kuma rabin nasu ya fi ƙona mini rai, domin shi ne wanda za a iya kaucewa. Shigewar basilik da wuri halitta ce, haka aka haifi Baba. Amma sefalik ta tsintsiyar hannu da ta gwiwar hannu, su ne allura ta fi so. Mai hawan jini ko ciwon sukari da ya yi shekaru yana shiga asibiti yana fita, kowane zuwa a soke shi a nan, a bar robar ƙarin ruwa kwana uku ko huɗu, jijiyar ta yi ja ta yi tauri. Bayan ta warke, cikinta tabo ne, a hannu za ki ji ta kamar tsinken tsintsiya, ba ta buɗewa ko an ɗaura roba. Ƙara da ɗabi'ar da ta yi yawa a unguwanninmu, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba, ta kiran mai kemis ya zo gida ya sa ruwa duk lokacin da jiki ya yi nauyi. Ciwon sukari kuma yana sa bangon jijiyar bugu ya ƙandare, ta kasa buɗewa ta ba da jinin da ake so. Sikanin yana bambanta waɗannan: jijiyar da aka haifa siririya bangonta sumul yake, wadda aka lalata kuwa bangonta ya yi kauri, ba ta lafewa idan aka danna.

Wani ɗan abu da ba a cika faɗa ba: jijiya tana tsukewa da sanyi da tsoro da ƙarancin ruwa a jiki. Na sha auna jijiya a ɗaki mai na'urar sanyi in samu ƙasa da milimita 2, in naɗe hannun da tawul mai ɗumi minti goma, in ɗaura roba, in sake aunawa ta wuce 2.5. Idan sikanin Baba an yi shi ne jim kaɗan bayan wanki, lokacin da aka janye masa ruwa, babu laifi ku roƙi a maimaita a ranar da ba ta wanki ba, hannu biyun duka. In kuna son jin ra'ayin wani likitan, haƙƙinku ne. Asibitin Komfo Anokye, da muke kira Gee, da Korle Bu a Akara duka suna da sashen ƙoda da likitocin tiyata. Amma ku tafi da takardar sikanin, kuma kada neman ra'ayi ya ci muku watanni.

Na ce kada ya ci watanni ne saboda robar wuyan nan. Na san Baba zai ce ya fi son ta, babu suka, babu zafi. Bakinta yana zaune ne a ƙofar zuciya. Duk ƙwayar cutar da ta bi ta, kai tsaye cikin jini take shiga, kuma a garinmu mai zafi da gumi kiyaye ta a bushe aiki ne. Bayan haka, daɗewarta yana tsuke manyan jijiyoyin cikin ƙirji, waɗanda duk jinin hannu ta nan yake wucewa. Idan suka tsuke, ko an yi fistula mafi kyau a wannan gefen, hannu zai kumbura kamar tulu, wani lokaci har fuska. Shi ya sa muka fi son a sa ta a wuya ta dama, muke kuma ƙin wadda ake sawa ƙarƙashin ƙashin ƙirji. Ki gaya wa likitan tiyata kowane gefe aka taɓa sa wa Baba roba da tsawon zamanta, ko da an cire.

Zancen neman kuɗi ba zan yi dogon bayani a kai ba. Aikin tsintsiyar hannu ya fi sauƙi ga likita, ya fi sauri, da allurar kashe wuri kawai ake yi, babu wanda zai bar shi ya zaɓi mai wuya in jijiya ta ba da dama. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne aikin da aka yi a jijiyar da ba ta isa ba, ya mutu, a sake. Ko da an zaɓa da kyau, kusan ɗaya cikin huɗu na waɗannan hanyoyi ba sa nuna har a yi amfani da su, kuma abin ya fi yawa ga dattawa da mata da masu sukari. Ku tambayi kuɗin zama biyun tun yanzu, da abin da katin inshorar lafiya ya ɗauka da wanda bai ɗauka ba, don dangi su shirya sau ɗaya.

Daga yau, hannun da aka zaɓa amana ce a wuyanku. Kada a ɗebi jini a cikinsa, kada a sa ruwa, kada a ɗaura na'urar awon hawan jini. In dole sai an soka, a yi a bayan tafin ɗaya hannun. Ku faɗa wa kowace nas da ladabi kafin ta ɗaura roba, domin ba kowa zai buɗe fayil ba, musamman da dare. Kada wanzami ya yi ƙaho ko tsaga a wannan hannu. Bayan aiki, Baba ya bar agogo da hannun riga mai matsewa a wannan gefen, kada ya yi matashi da shi in zai kwanta, kada ya ɗauki bokiti cike. Matsa ƙwallon roba a tafin hannu sau da yawa a rana yana iya taimaka wa jijiyar ta buɗe. Alwala babu matsala da zarar rauni ya warke. Ɗan dindiris a cikin sangalin hannu bayan aikin basilik yakan faru saboda farar jijiyar nan da ke kwance a kanta, kuma yawanci yana raguwa. Amma yatsu su yi sanyi, su yi fari ko shuɗi, su riƙa zafi musamman lokacin wanki, wannan alama ce hanyar tana kwashe jinin da ya kamata ya isa tafin hannu, a kai shi a duba ba tare da jinkiri ba.

Kafin a fara suka muna son hanyar ta kai faɗin milimita 6, zurfinta daga fata kada ya wuce milimita 6, jinin da ke bi ta ciki kuma ya kai mililita 600 a minti. Mako shida shi ne lokacin da ake duba ko tana kan hanyar kaiwa. Kada ku matsa a soke ta kafin lokacinta don ɗokin rabuwa da robar wuya, ɗanyar jijiya takan fashe jini ya taru ƙarƙashin fata, a koma baya.

Ranar da aka sallamo shi, ki sa a ɗora yatsunki uku a kan wurin ɗinkin kafin ku bar asibiti. Za ki ji wani ziri-ziri mara yankewa, kamar wayar da aka sa a girgiza tana cikin aljihu. Ki riƙe wannan jin, ki koya wa Baba da Mama, su riƙa dafawa bayan sallar asuba da bayan isha'i. Ranar da aka dafa aka ji shiru, ko girgizar ta koma bugu mai ƙarfi tak-tak, jini ne ya fara daskarewa, kuma cikin awanni ake iya ceto ta. Kada ku jira ranar wanki, kada ku shafa mai ko ku gasa da ruwan zafi, ku ɗauke shi ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne.